Kifin da Rachidou Bai Mayar Ruwa Ba

"Ja baya kaɗan," in ji Malam Rachidou, "kar ka sha bulala a kunne."

Mounkaila ya ja baya iyakar inda tiyon ya bar shi. Kwalbar iskar numfashi ce rungume a ƙirjinsa, tiyonta kuwa yana maƙale a hancin maƙwabcinsa, saboda haka duk inda ɗaya ya nufa dole ɗayan ya bi. Rachidou ya ɗaga sandar fatsa, ya kaɗa ta baya, ya kaɗo ta gaba, doguwar igiyar ta yi fito a iska ta miƙe a kan ciyawa. Babu ƙugiya a bakinta, ɗan guntun zaren ulu ne ja, ya sauka daf da murfin bokitin da suka ajiye a matsayin kifi. Nan tsakanin dogayen benayen unguwar Minguettes da ke gefen birnin Lyon babu ruwa sai wanda sama ta zubar jiya, babu mai kallo kuma sai wata tsohuwa Balarabiya da ke jiran tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari.

"Ka gani? Hannu bai mance ba," in ji Rachidou. Tari ya sarƙe shi, ya dafa sandar sai da ya lafa.

A daidai nan salula ta yi ƙara a aljihun rigar sanyinsa, wadda ke rataye a kafaɗar Mounkaila. Mounkaila ya zaro ta da hannu ɗaya ya duba. Alhaji Muhyiddeen ne daga Paris, karo na uku ke nan a satin. Ya danna jan maɓalli ya mayar da ita aljihu.

"Wane ne?"

"Masu talla ne. Sun ce ko kana son sabon firijo."

"Ce musu tsohon ma ya kusa rasa mai buɗe shi."

Rachidou ya yi 'yar dariya. Mounkaila bai yi ba. Ƙarya ya yi, ya san ƙarya ya yi, kuma ta yi masa daɗi a baki.

Shekara ashirin da biyu ƙofofinsu na kallon juna a hawa na tara. Mounkaila mutumin Tahoua ne, ya ƙare aikinsa yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, ga shi da saurin fushi da jinkirin hucewa. Rachidou ɗan masunta ne daga tabkin Madarumfa. Shekara talatin ya yi a kamfanin fenti, kamfanin ya ba shi hutu da takardar yabo, ya riƙe huhunsa. Matarsa ta rasu, saura shi da 'yarsa Leïla, wadda aka haifa nan Lyon, take jin Hausa ras amma ta amsa da Faransanci.

Bayan ya bar aiki ne wani Bature abokin aikinsa ya kai shi wani ɗan tabki a cikin tsaunuka, tafiyar awa guda yamma da birni. Ƙaramin ruwa ne, mutum zai zagaye shi kafin shayinsa ya huce. Na wata ƙungiyar masu fatsa ne, kuma dokarsu ita ce ta fara ba Mounkaila dariya, don shi ne direba duk Asabar, Rachidou bai taɓa koyon mota ba. Motar tanki ce ke kawo kifin da suke kira turwit daga gidan kiwo, a juye su cikin tabkin. Sai manyan mutane masu furfura su zo da sanduna, su yini suna jifa da ƙudan ƙarya, wato ƙugiya da aka yi wa riga da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. In kifi ya kama, a jawo shi a hankali, a cire masa ƙugiya, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Ba a kashewa, ba a kaiwa gida, ko da guda ɗaya.

"Su sayo kihi, su zuba, su kama, su ba shi haƙuri, su saki," Mounkaila kan ce wa matarsa Sabuwa in sun dawo. "In wannan ba ƙoshi ba ne, hwaɗa mini sunanshi."

Amma Rachidou abin ya shige masa rai. A bakin ruwan nan ne kaɗai Mounkaila ya taɓa ganin bayansa ya miƙe. Shi ke ɗaure ƙudajensa da kansa a teburin kicin, da gashin zabo da yake roƙa wajen mahauci, da jan zaren da ya warware daga wata tsohuwar hula. Turawa na jifa da ƙudajen kanti suna hamma, shi yana jawo kifi. Ya san inda iska ke tara ƙwari, ya san lokacin da kifi ke tasowa, har suka fara zuwa suna leƙa akwatinsa suna kiransa le professeur, wato babban malami.

Shi ne kuma ya kawo Alhaji Muhyiddeen, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda a lokacin yake da kanti a Lyon kafin ya koma Paris. Rachidou ya san mahaifinsa tun a gida. Ya tsaya masa aka karɓe shi a ƙungiyar, ya riƙe masa wuyan hannu wata biyu cur kafin igiyarsa ta daina naɗe masa wuya.

Abin ya faru ne wata Asabar ta watan Oktoba, shekara biyu da suka wuce. Wani ƙaton kifi ya haɗiye ƙudan har ciki. Rachidou ya durƙusa a bakin ruwa ya yi ta dabara, ya cire, amma jini na ta tsiyaya ta gefen wuyan kifin. Ya riƙe shi cikin ruwa yana kaɗa shi a hankali ko zai farfaɗo, yana saki sai kifin ya juya ciki sama.

"Haba Malam, wanga ai ya gama," in ji Mounkaila daga kan kujerarsa. "Ka bar shi ya ruɓe cikin ruwa? Abincin da Allah ya halatta?"

"Doka ta ce a kira mai gadi."

"Mai gadi ya tahi cin abinci. Kai ɗan masunta ne ko ɗan doka?"

Mounkaila ne ya zazzage burodi daga leda ya miƙa masa ledar. Rachidou ya karɓa. A gidansu ba a barin dabba tana wahalar mutuwa, kuma ba a zubar da abinci. Ya yi bisimilla, ya ƙwala wa kifin dutse sau ɗaya a ka. Taku goma daga wurin Alhaji Muhyiddeen na tsaye, salula a hannu.

Ran Litinin hoton ya bayyana a zauren ƙungiyar na salula, da sunan Alhaji a samansa. Asabar ta gaba shugaban ƙungiyar ya tare su tun daga ƙofa. Aka sa su buɗe bayan mota, aka buɗe jakar shayi, har dardumar salla aka warware a gaban mutane ko da kifi a ciki. Sannan aka shiga da su ɗakin katako inda ake taro. Rachidou ya yi ƙoƙarin bayani, amma Faransancinsa na kamfani ne, in ransa ya ɓaci sai ya watse. Ya juya wajen Alhaji, wanda ya yi lakwal, wato boko, har ya iya Faransancin lauyoyi.

"Muhyiddeen, hwaɗa musu. Ka ga kihin ya mutu. Hwaɗa musu yadda mukan yi a gida."

Alhaji ya gyara tabarau, bai dube shi ba. Ya ce wa shugaban, "Je le connais à peine." Wai da ƙyar ma ya san mutumin. Ya ƙara da cewa ƙasarsu ɗaya dai, amma ba kowa ne aka yi wa tarbiyyar bin doka ba.

Aka karɓe katin Rachidou. Wani ya furta kalmar braconnier, ɓarawon kifi, da ƙarfin da kowa zai ji. Rachidou ya naɗe dardumarsa da kansa, suka shiga mota suka koma gida.

Tun ranar Mounkaila ke ɗauke da Alhaji a zuci. In yana aske gemu shi yake zagi, in ya hau tiram shi yake wa shari'a. Sai dai akwai abin da ba ya son tunawa, ni kuwa sai na faɗa. Kifin nan a gidansa aka ci shi. Sabuwa ce ta soya shi da yaji, shi ne ya cinye tsakiya. Kuma a ɗakin katakon nan, da Rachidou ke neman mai magana, Mounkaila na tsaye a bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Bai ce ledarsa ce ba, bai ce shawararsa ce ba. Jin haushin Alhaji ya fi masa sauƙin ɗauka, shi ya sa ya rungume shi da hannu biyu.

Bayan wannan jifa ta kan ciyawa, Rachidou bai ƙara sauka ƙasa ba. Likita ya ce babu sauran abin da asibiti za ta yi, aka kawo masa gado mai ɗagawa har falo. Leïla na zuwa aiki da safe, don haka makulli da salula da lokacin magani duk suka koma hannun Mounkaila.

Ran Alhamis da hantsi yana dawowa daga sayen burodi sai ya tarar da mutum a ƙofar bene yana neman suna a jikin maɓallan ƙararrawa. Babbar riga a ƙarƙashin kwat, kwali a hannu. Ya rame, amma Mounkaila ko daga ƙeya zai gane Alhaji Muhyiddeen.

"Salamu alaikum, Malam Mounkaila. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mai jiki?"

"Lahiya."

Iyakar abin da ya samu ke nan, a maimakon gaisuwar da kan kai minti biyar. Alhaji ya miƙo kwalin.

"Da jirgin sahe na taso. Na yi ta kira ba a ɗauka. Leïla ce ta gaya wa iyalina jikin ya yi tsanani. Ga zuma da dabino."

"Ba shi cin komi."

"To in gan shi dai. Minti biyu, Malam. Akwai maganar da nike son in yi mishi tun ba yau ba."

Mounkaila ya tsaya a tsakiyar ƙofa, burodi a hammata kamar sandar dogari.

"Likita ya hana baƙi."

"Ai ni ba baƙo ba ne."

"Af! Ashe ka san shi? Ni na ɗauka à peine ka san shi."

Shekara biyu yana wasa wannan magana, ga shi ta sami wurin shiga. Ya ga yadda fuskar Alhaji ta yi, ya ji sanyi har tafin ƙafa.

"Na cancanci wannan," in ji Alhaji a hankali. "Na cancanci hiye da wannan. Amma don Allah, don Annabi, ka bari in roƙe shi gahwara tun yana numfashi. Ka san abin da ke tsakanin mutum da mutum, Allah ba ya yahewa sai mai haƙƙi ya yahe."

"Na sani sarai," in ji Mounkaila. "Shina barci. In ya tashi ni gaya mishi."

Ya shige, ya ja ƙofar ƙarfen ta kulle kanta. Daga tagar kicin ɗin Rachidou ana hango bencin tashar tiram. Alhaji ya zauna a can da kwalinsa a cinya, tiram na zuwa tana wucewa. Mounkaila ya dama kunu ya leƙa, ya ba da magani ya leƙa, ya yi azahar ya leƙa. Sai bayan la'asar bencin ya zama wayam. Rabon da Mounkaila ya ci abinci da marmari irin na ranar har ya manta.

Ran Lahadi Rachidou ya tashi da ɗan sauƙi, irin sauƙin da tsofaffi ba sa murna da shi. Leïla ta sumbace shi a goshi.

"Papa, je vais à la pharmacie. Tonton Mounkaila na nan. Kar ka yi ta surutu, d'accord?"

Tana fita zuwa kantin magani ya nuna saman kabad da ido. Mounkaila ya sauko masa da akwatin, ɗan akwatin gwangwani na biskit da aka shimfiɗa wa soso a ciki. Ƙudaje ne jere sahu-sahu, sun fi ɗari, masu ɗigon zabo, masu jan kai, wasu ƙanana kamar sauro. Rachidou ya bi su da yatsa.

"Wanga na ranar iska ne. Wanga sai ruwa ya kwanta lumui, ka aje shi kamar kana aje ƙwai." Ya huta. "Muhyiddeen bai kira ba?"

"Bai kira ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Rachidou ya mayar da murfin akwatin. Injin iska na ta huci a gefen gado.

"Kumya ce," in ji shi. "Ubanshi ma haka yake, in ya yi laihi sai ya ɓace. Mounkaila, matso. Ka kai mishi akwatin ga. Hannunshi bai iya ɗauri ba, kullum na kanti yake saye. Kuma ka ce mishi na yahe mishi, duniya da lahira."

"Bayan abin da ya yi maka?"

"Ni dai ba ni tahiya da kaya. Numfashi ma da ƙyar nike ɗaukar shi." Ya kama wuyan hannun Mounkaila, riƙon ba ƙarfi amma bai saki ba. "Ba ta salula ba. Baki da baki. Amana ce na ba ka."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka ɗauka?"

"Na ɗauka," in ji Mounkaila, don ba a musu da mai barin duniya.

Bayan azahar numfashin ya fara tsinkewa. Leïla na riƙe da hannu ɗaya tana kuka ba sauti, Sabuwa na tsaye a bakin ƙofa da carbi, Mounkaila na maimaita kalmar shahada a kunnensa. Leɓɓan Rachidou suka motsa sau biyu. Daga nan sai injin ya ci gaba da hucinsa shi kaɗai, har Leïla ta miƙa hannu ta kashe shi.

An binne shi ran Laraba a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Alhaji Muhyiddeen ya zo, ya tsaya a sahun baya, ya zuba ƙasa da hannunsa. Sau biyu yana nufo Mounkaila, sau biyu Mounkaila na samun wanda zai gaisa da shi a wani gefen. Daga 'yan ƙungiyar tabki ba wanda ya zo, sai wani tsoho guda da ya tsaya nesa da hula a hannu.

Akwatin ya yi sati uku a saman kabad ɗin Mounkaila. Sabuwa ya gaya wa rabin zance, ya ce an ba shi akwati ya kai Paris, bai faɗi sauran ba. Ita kuwa shekara talatin da biyar tana zaune da shi, ta san yadda yake tauna abinci in yana ɓoye magana.

"Malam, akwatin can ba naka ba ne."

"Na ce nawa ne?"

"Kullum in na ɗaga kai sai in ga kamar marigayi na kallona. Ka kai kayan mutane. In ƙahwa ke ciwo, ni in kai."

Ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ta Lyon da akwatin cikin jaka. A gaskiya da niyyar sauke amana ya fito. Ya ce a ransa zai faɗi maganar a tsaye, ba zai zauna ba, ba zai sha ruwansu ba. Amma tafiyar awa biyu ce, kuma zuciya ba ta zama wuri ɗaya. In ya tuna riƙon da Rachidou ya yi masa sai ya ji ya shirya. In ya tuna dardumar da aka warware a kan tsakuwa sai ya ji wuyansa ya yi zafi. Wato shi ke nan, mutum ya tozarta dattijo a gaban Turawa, ya hana shi ruwan da ya rage masa a duniya, sannan a kai masa yafiya har gida kamar saƙon goro? Haka ya yi ta yi har Paris, ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya kama jirgin Sevran, unguwar da Alhaji yake.

Gidan Alhaji a hawa na huɗu yake, ba wani gidan a zo a gani ba. Matarsa Hajiya Rékia ta yi masa gaisuwar rasuwa, ta kawo ruwa da shinkafa da miyar kaza, ta koma ciki. Duk alkawarin da ya yi wa kansa, sai ga shi zaune. A bayan ƙofa ya hango sandar fatsa cikin kubenta, ƙura ta yi mata fari.

"Tun ranar ban koma ba," in ji Alhaji, da ya ga inda yake kallo. "Na mayar musu da katina."

Mounkaila ya fito da akwatin ya ɗora a tebur.

"Ya ce in ba ka."

Alhaji ya buɗe. Ya kalli sahun ƙudajen, ya cire tabarau, ya sa bayan hannu ya rufe ido. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Mounkaila ya kawar da kai, don bai zo da shirin ganin wannan ba. Maganar ta hau masa har maƙogwaro. Da Alhaji ya ƙara minti ɗaya yana kuka, da an gama.

Amma Alhaji ya share fuska ya fara magana.

"Wallahi hoton nan da wasa na tura shi. Na ce su ga professeur ya yi abin miya. Da na ga sun ɗauke shi da zahi, sai tsoro ya kama ni. Mu biyu ne kaɗai baƙaƙe a ƙungiyar, na ce yanzu za su haɗa mu su kora. Shekara nawa ina neman su ɗauke ni mutum." Ya girgiza kai. "Kai ma kana wurin, Malam Mounkaila, ka san yadda ɗakin nan ya yi. Mu duka bakinmu ya mutu. Kai da ka ba da ledar ma ba ka iya cewa komi ba. To haka ni ma..."

Ba da gori ya faɗa ba. Abokin kunya yake nema, wanda zai ce masa haka ne, mu duka mun kasa. Amma Mounkaila ji ya yi kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Ashe hoton har da hannunsa a ciki. Ashe duk shekara biyun nan akwai wanda ya sani, kuma wannan mutumin ne. Abin da ya hau maƙogwaro ya koma ciki ya daskare.

"Ya ce wani abu a kaina?" in ji Alhaji. Hannunsa na kan murfin akwatin. "Ka gaya mishi na zo? Ya yahe mini?"

Mounkaila ya ɗauki kofin ruwa ya sha, ya ajiye shi daidai inda ya ɗauke shi.

"Na gaya mishi ka zo. Na ce kana roƙon gahwara."

"Sai ya ce mi?"

"Ya juya huska bango."

"Bai ce komi ba?"

"Ya ce in kai maka akwati, kar ya gan shi a ɗakinshi. Daga nan bai ƙara ambaton ka ba."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa kamar wanda ake karanta wa takardar likita. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya rufe akwatin a hankali. Mounkaila ya jira daɗin nan da ya ji ranar benci. Ya zo, amma ɗan kaɗan ne, kuma bai daɗe ba.

Da ya miƙe zai tafi, Hajiya ta fito da leda, kilishi ne da turaren wuta a kai wa Sabuwa. Alhaji ya sa takalmi ya ce sai ya raka shi tasha.

"Ba sai ka wahala ba."

"Ka taso tun daga Lyon sabili da ni. Ba a haka."

Ana yayyafi. Alhaji ya karɓi jakar ya rataya, ya buɗe lema ya karkata ta wajen baƙonsa, kafaɗarsa ta hagu tana jiƙewa. Suka ratsa tsakanin benaye, suka gangara matakala. Allon tasha ya nuna saura minti biyu.

"Malam Mounkaila," in ji Alhaji, "na gode."

"Ba komi."

"A'a, bari in hwaɗa. Da wani ne, da ya ce mini ya yahe, don dai ya kwantar mini da hankali. Kai ka gaya mini gaskiya duk da ɗacinta. Marigayi ya yi dacen maƙwabci." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Zan ta yi mishi addu'a da sadaka iyakar raina. Ko Allah ya sa ya sassauto in mun haɗu can. Kai ma ka sa ni a addu'a, kai mutum ne mai amana."

Jirgi ya shigo. Mounkaila ya karɓi jakarsa ya shiga ya tsaya daf da ƙofa. Ƙofar ta daɗe a buɗe, fiye da yadda ta saba, ana jiran wata mata ta shigo da keken jariri. Tsakaninsa da Alhaji bai fi taku biyu ba. Ya buɗe baki. Ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofofin suka haɗu.

Ta gilashi ya ga Alhaji tsaye da lema a naɗe tana ɗiga a kan takalminsa, ya ɗaga hannu ɗaya, bai sauke ba har jirgin ya shige duhu. Mounkaila ya sami kujera ya zauna, ya ɗora ledar kilishi a kan gwiwa ya riƙe ta da hannu biyu.